Yadda Ake Zaɓen Sabuwar Sandar Hokin Ƙanƙara

Abu biyu ne ke ɓata wa yawancin masu koyon hokin ƙanƙara wasa tun kafin su taka fili: sandar da ta yi musu tsawo, da sandar da ta fi ƙarfinsu tauri. Iyaye kan sayo wa yaro doguwa wai don ya girma da ita, babba kuma ya ɗauki mai tauri don ya ji an ce irinta ƙwararru ke riƙewa. Daga nan sai fak, wato faifan robar nan da ake bugawa, ya ƙi tashi daga ƙasa, fasin ya riƙa zillewa ta ƙarƙashin sanda, mai wasa ya ɗauka hannunsa ne bai faɗa ba, alhali sandar ce ba tasa ba. Iyalan da ke zaune a Kanada, ko jihar Minesota ta Amurka, ko Suwidin da Finlan, da zarar yaro ya fara hoki to sayen sanda ya zama abin da za a yi ta maimaitawa kusan kowace shekara. Gara a san kansa tun farko.

Wanda ya san hokin fili, irin wanda ake yi a kan ciyawa a Najeriya da Gana, ya ajiye wannan sanin a gefe. Sandar hokin fili gajeriya ce, duk ta dama ce, kuma da gefe ɗaya kawai ake taɓa ƙwallo. Ta ƙanƙara doguwa ce, akwai ta hagu akwai ta dama, kuma ciki da bayanta duk ana wasa da su.

Sassanta ba su da yawa. Akwai ƙota, wato doguwar gorar da ake riƙewa. Akwai tafi, faffadan ɓangaren da ke kwanciya a kan ƙanƙara. Inda tafi ya haɗu da ƙota shi ne dunduniya, ƙarshensa na gaba kuma tsini. A jikin ƙota za ka ga an buga harufa da lambobi, misali SR, 77, P92, L. Waɗannan su ne ainihin bayanin sandar, ba launi ko sunan da aka rangaɗa mata ba.

Fara da hannu

Sandar hagu, mai alamar L ko LH, ita ce wadda hannun hagu ke ƙasa, na dama na saman ƙota, tafi kuma yana gefen hagu na mai wasa. Ta dama, R ko RH, akasin haka. A nan ne masu saye da yawa ke yin kuskure, domin suna ganin tunda yaro da dama yake rubutu da cin abinci, to sandar dama ce tasa. Ba dole ba ne. Hannun sama shi ne ke juya tafi, shi ke riƙe sanda shi kaɗai idan ana gudu ko ana ƙoƙarin tsokale fak daga abokin hamayya. Saboda haka kociyoyi da dama, musamman a Kanada da Turai, sun fi son hannun da ya fi ƙwari ya kasance a sama. Shi ya sa mafi yawan 'yan wasan NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, da sandar hagu suke wasa, duk da cewa akasarinsu na-dama ne.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Miƙa wa mai wasan shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara ko tsintsiya mai doguwar ƙota, kada ka gaya masa dalili, ka ce ya tura ko ya share. Hannun da ya sauka ƙasa da kansa, shi ne hannunsa na ƙasa a hoki. A gwada sau biyu ko uku a ranaku daban. Idan yaron ɗan shekara huɗu ko biyar ne kuma yau ya riƙe haka gobe ya riƙe haka, akwai ƙananan sanduna masu miƙaƙƙen tafi da ba su karkata ko'ina ba. A saya masa irinta har hannunsa ya zauna, kada a tilasta masa.

Idan alamar ta goge, kamar yadda kan faru da sandar da aka riga aka yi amfani da ita, ɗora tafin a ƙasa tsininsa na kallon gaba, ka duba daga sama. In tsinin ya lanƙwasa zuwa dama, sandar hagu ce. In ya lanƙwasa zuwa hagu, ta dama ce.

Aji da tsawo

Sanduna aji-aji ne. YTH na ƙananan yara ne, kamar daga shekara huɗu zuwa bakwai ko takwas. JR na masu shekara bakwai zuwa sha biyu ko kusa da haka. INT na matasan da suka fara tasawa, da mata da yawa, da maza masu ƙaramin jiki. SR na manya ne, kuma sabuwarta kan zo da tsawon kusan inci 60. Shekaru jagora ne kawai. Jiki ake dubawa. Bambancin ajin bai tsaya a tsawo ba, har da kaurin ƙota da girman tafi. Idan aka yanke sandar manya aka ba yaro, tsawon zai yi daidai amma yatsunsa ba za su zagaye ƙotar ba, balle cikin safar hannun hoki mai kauri. Don haka a je shago da safar hannun, a riƙe sandar da ita.

Awon tsawo kuwa: mai wasa ya tsaya a miƙe, a tsayar da sandar a gabansa, tsinin tafi a ƙasa, ƙota ta bi tsawon jikinsa. Idan yana sanye da takalmin ƙanƙara, kan ƙotar ya tsaya tsakanin haɓa da leɓen ƙasa. Idan da safa kawai yake tsaye, ya kai kan hanci. Wannan shi ne ma'aunin farawa. Daga nan salon wasa ke shigowa. Ɗan gaba mai son jan fak kusa da ƙafafunsa da kutsawa cikin cunkoso kan rage ta zuwa ƙasan haɓa. Ɗan baya kan bar ta ta kai hanci ko da takalmi, domin ya miƙa ta ya tare hanya. Mai koyo bai kamata ya yi nisa da haɓa ba.

Illar doguwar sanda a bayyane take ga duk wanda ya tsaya bakin fili ya duba. Yaron zai miƙe tsaye ƙyam maimakon ya lanƙwasa gwiwa, hannunsa na sama zai maƙale a ƙugu ya kasa gittawa ta gaban ciki, tsinin tafi ya ɗaga sama, dunduniya kaɗai ke taɓa ƙanƙara. Gajeriya fiye da kima kuma takan sa mutum ya duƙa daga ƙugu, kansa a ƙasa, bayansa ya riƙa ciwo, ga shi ba ya ganin wanda ke tahowa ya banke shi.

Maganar girma fa? A bar wa yaro rarar inci ɗaya, ba fiye ba. Idan ya yi tsawo a tsakiyar kakar wasa, akwai ƙarin ƙota na katako ko na kabon da ake sayarwa. Ana narka gam ɗin da ke jikinsa da na'urar hura zafi, a cusa shi cikin ramin ƙota, a bari ya huce, a yanke daidai tsawon da ake so. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ya fi a bar yaro yana fama da zungureriyar sanda shekara guda.

A dokar NHL, ƙota ba ta wuce inci 63 daga dunduniya zuwa kai. Wanda tsawonsa ya kai ƙafa 6 da inci 6 zai iya neman izini ya ƙara, kamar yadda aka yi wa Zdeno Chara mai ƙafa 6 da inci 9. Sauran jama'a ba su da wannan damuwar.

Tauri, inda aka fi yin asara

Lambar fileks, wato 30, 50, 65, 77, 87 ko 102 da ke jikin ƙota, tana nuna yawan fam na nauyi da za a danna a tsakiyar ƙota kafin ta lanƙwasa inci ɗaya. Ƙaramar lamba, sanda mai laushi. Babbar lamba, mai tauri.

Dalilin da ya sa wannan lamba ta fi komai muhimmanci yana cikin yadda ake bugu. Ƙarfin harbi ba daga dantse kaɗai yake fitowa ba. Mai wasa yana danna tafi a kan ƙanƙara kaɗan a bayan fak, ya jingina nauyinsa a hannun ƙasa, ƙota ta lanƙwasa, sannan ta miƙe da sauri ta cilla fak ɗin, kamar yadda baka ke sakin kibiya. Sandar da mai ita ya kasa lanƙwasawa ba ta taimaka masa da komai. Turawa kawai yake yi, kuma fak ɗin manya nauyinsa gram 156 zuwa 170 ne, ba abu ne da tura kaɗai ke ɗagawa da kyau ba.

Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a raba nauyin jiki na fam gida biyu. Wanda ya saba da kilo sai ya ninka nauyinsa da 1.1. Yaro mai kilo 30 zai samu 33, sai a ɗauki fileks 30. Mai kilo 45 zai samu kusan 50, sai a duba 40 ko 50. Mace mai kilo 60 za ta samu 66, wato ajin INT, 55 zuwa 65. Namiji mai kilo 80 zai samu 88.

Sai dai wannan lambar iyaka ce ta sama, ba wurin farawa ba. Mai kilo 80 da ya fara hoki da girmansa, 87 ta yi masa tauri. 70 ko 75 ko 77 ta fi dacewa da shi, domin bai riga ya iya ɗora nauyinsa a kan sanda ba. Ko ƙwararru ma yanzu sun karkata ga mai laushi, saboda wasan ya koma na harbin gaggawa daga wuyan hannu, ba kasafai ake samun sararin ɗaga sanda sama a dunduma ba. Marigayi Johnny Gaudreau ya yi suna a NHL da sanda mai fileks 55, lambar da aka saba gani a hannun 'yan shekara sha uku. Idan ana shakka tsakanin lamba biyu, a ɗauki ta ƙasa.

Ga abin da mutane ke mantawa: yanka na ƙara tauri. Kowane inci da aka cire daga kan ƙota yana sa sandar ta ƙara jin tauri da kusan maki 3 zuwa 5. Mutum gajere ya sayi SR mai 87, ya yanke inci huɗu don ta zo masa haɓa, to abin da ke hannunsa ya doshi 100. Da ya sayi INT mai 65 wadda ba ta buƙatar yanka sosai, da ya huta. Wasu kamfanoni kan zana layuka a saman ƙota da ke nuna lambar da za a samu idan an yanke a wurin. Don haka a fara sanin inci nawa za a cire, sannan a zaɓi lamba.

Gwaji a shago: ɗora tafi a ƙasa kamar za ka buga, hannun sama a kan ƙota, na ƙasa a tsakiya, ka jingina a hankali. Ya kamata ta ba da kai kamar inci ɗaya ba tare da ka yi nishi ba. In sai ka ɗora duk jikinka kafin ta motsa, ajiye ta. In kuma da ɗan taɓawa ta lotsa sosai, ta yi laushi: harbi zai riƙa karkacewa, fasin mai ƙarfi ya riƙa tsalle daga tafi, kuma a wajen ƙwatar fak a jikin bango za a riƙa ture maka ita. Kada a danna da wuce kima, domin ana iya tsaga sandar da ba a biya ba. Manyan shagunan hoki da dama suna da wani lungu mai raga inda ake gwada harbi. Inda akwai shi, a yi amfani da shi.

Lanƙwasar tafi

Har zuwa wajejen 1960, miƙaƙƙen tafi aka sani. Stan Mikita da Bobby Hull na ƙungiyar Blackhawks ta Shikago ne suka yayata lanƙwasa shi, har abin ya yi yawa aka sa doka. Yau NHL ba ta yarda zurfin lanƙwasar ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci ba, kusan milimita 19. Dokar ba ta wasa ba ce. A wasa na biyu na zagayen ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 1993, kocin Canadiens ta Montiriyal, Jacques Demers, ya nemi a auna sandar Marty McSorley na ƙungiyar Kings ta Los Anjalas ana dab da tashi. Aka same ta ta wuce ƙa'ida, aka fitar da shi na minti biyu, Eric Desjardins na Montiriyal ya farke, ya kuma ci ta nasara a ƙarin lokaci. Montiriyal ce ta ɗauki kofin. Sandunan shago dai an ƙera su cikin ƙa'ida, muddin ba a taɓa su ba.

Abu uku ake dubawa a tafi: inda lanƙwasar ta fi zurfi, ko dunduniya ko tsakiya ko tsini, yadda fuskar tafin ta buɗe tana kallon sama ko ta rufe, da siffar tsini, zagayayye ko mai kusurwa. Buɗaɗɗiyar fuska na ɗaga fak da sauƙi, amma tana wahalar da bugun bayan tafi. Samfura uku ne suka mamaye kasuwa.

P92 na kamfanin Bauer, wanda kamfanin CCM ke kira P29, Warrior kuma W03, shi ne aka fi saye. Lanƙwasarsa daga tsakiya take zuwa tsini, fuskarsa a buɗe. Yana riƙe fak da kyau, yana ɗaga shi ba wahala. Matsalarsa ga mai koyo ita ce harbi kan wuce saman raga har sai ya koyi kifa wuyan hannu a ƙarshen bugu.

P88 lanƙwasar tsakiya ce, fuskarta ba ta buɗe sosai ba, kuma mafi yawan tafin na kwanciya a ƙanƙara. Karɓar fasin da bayarwa sun fi sauƙi da shi, bugun bayan tafi ma haka. Ga wanda ke koyon tushen wasa, da ɗan bayan da ke son harbinsa ya tafi ƙasa-ƙasa don abokansa su karkatar da shi, wannan ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali.

P28, ko W28, lanƙwasarsa a tsini take kamar ƙugiya. An yi shi ne don mai janyo fak da tsini zuwa jikinsa ya harba nan take. Yara na son sa saboda taurarin da suke kallo, amma yana buƙatar hannu. Wanda bai iya harbi daga tsini ba zai ga fak na tashi barkatai, bayan tafin kuma kusan ba ya amfanuwa. A bar shi sai an yi kaka biyu ko uku ana wasa.

Da zarar an sami wanda ya zauna a hannu, a daɗe a kansa. Sauya samfuri kowane saye na mayar da hannu baya.

Zaman tafi a ƙanƙara

Akwai wata lamba, yawanci 4, 5, 5.5 ko 6, da ake kira lai. Ita ce kusurwar da ke tsakanin ƙota da tafi. Lai 5 kusan digiri 135 ne, kuma duk ƙarin lamba ɗaya na sa ƙotar ta ƙara miƙewa tsaye da kusan digiri biyu. Mai gudu a duƙe yana tura fak nesa da jikinsa, ƙaramar lamba ce tasa. Mai tsayawa a miƙe da fak kusa da ƙafa, babba.

Tsohuwar sanda ce ke ba da amsa. Juya ta ka dubi tef ɗin ƙasan tafi. In ya cinye daidai daga dunduniya zuwa kusa da tsini, komai lafiya. In dunduniya kaɗai ta cinye har baƙin kabon ya leƙo, tsini kuwa tef ɗinsa sabo fil, to tsinin a sama yake yawo: ko sandar ta yi tsawo, ko lai ɗin ya yi yawa. In tsini ne ya cinye, ko ta yi gajarta ko lai ya yi kaɗan. Tunda samfura da yawa da lai ɗaya tak suke zuwa, gyaran da ya fi sauƙi shi ne na tsawo. A rage rabin inci, a sake tef, a yi wasa biyu, a sake dubawa.

Inda ƙota ke lanƙwasa

Kamfanoni na ƙera ƙota ta yadda za ta fi ba da kai a wani wuri. Mai lanƙwasa a ƙasa, kusa da tafi, tana sakin fak da sauri ba tare da an danna sosai ba. Bauer Vapor, CCM Ribcor da Warrior Covert na wannan layi ne, kuma sun dace da ɗan gaba mai harbi daga kusa. Mai lanƙwasa a tsakiya, irin Bauer Nexus da CCM Tacks, tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta saki amma ta fi ƙarfi a harbin nesa. CCM Jetspeed tsaka-tsaki ce. Ga mai koyo, wannan bambanci bai kai na tsawo da tauri ba ko kusa, kuma bai cancanci a ƙara kuɗi dominsa ba.

Haka batun fatar ƙota: akwai mai danƙo da ke kama safar hannu, akwai mai santsi da hannu ke zamewa a kai. Yawancin na kasuwa yanzu masu danƙo ne. A riƙe duka biyun da safar hannu a ji.

Kuɗi

Sandar katako har yanzu tana nan, irin Sher-Wood 5030 da aka daɗe ana yi. Tana da araha, tana isar da jin fak zuwa hannu da kyau, amma tana da nauyi kuma tana saurin yin laushi idan ruwa ya shige ta. Kusan kowa yanzu ya koma ta kabon mai ƙira ɗaya, wadda ta bazu bayan fitowar Easton Synergy a farkon shekarun 2000. Masu tsada a ajin manya nauyinsu bai kai gram 400 ba, kuɗinsu kuwa ya haura dala 300. Masu araha an haɗa su da zaren gilashi, sun fi nauyi, ana samun su ƙasa da dala 100.

Tsada rashin nauyi take saya, ba ƙarko ba. Sanda mafi tsada bangonta ya fi siriri, kuma sara ɗaya daga sandar wani na iya gamawa da ita. Ga yaro mai girma da babba mai wasa sau ɗaya ko biyu a mako, ta tsakiyar farashi ta wadatar. Dabara mai kyau ita ce neman samfurin bara: idan sabo ya fito, shaguna irin su Pro Hockey Life a Kanada da Pure Hockey a Amurka kan karya farashin na baya, alhali bambancinsu kaɗan ne.

Manyan kamfanoni kan ba da garantin kwana 30 daga ranar saye, sauyi ɗaya tak, kuma sai da rasit. A ɗauki hoton rasit ɗin tun a shago, domin rubutunsa na gogewa, kuma kada a ɓanɓare lambar da ke manne a ƙota. Ragowar sandunan ƙungiyoyin ƙwararru da ake sayarwa da rahusa ba su da garanti, kuma sau da yawa taurinsu da lanƙwasarsu an yi su ne don wani mutum daban.

Ta hannu, irin wadda ake samu a shagunan Play It Again Sports, ba laifi ga yara in an duba da kyau. Riƙe tafi da hannu biyu ka murɗa: in ya yi laushi ko ya yi ƙara ƙas-ƙas, cikinsa ya mutu. Bi ƙotar da yatsa, musamman ƙasanta kusa da dunduniya inda sara ke sauka. Gogewar fenti ba komai ba ce, amma tsaga mai zurfi da zare ya fito, ko wurin da ke lotsawa in an danna, karyewa ce ke jiran lokaci. A ɓare tef ɗin tafi kafin a biya, domin a ƙarƙashinsa ake ɓoye ɓarna.

Yanka da naɗin tef

A yi awo da takalmin ƙanƙara a ƙafa, a sa alama. Cire murfin robar da ke kan ƙota ka ajiye. Naɗa tef zagaye ɗaya a kan layin don kada zaren kabon ya tarwatse, ka daƙe ƙotar a kan tebur ba tare da matse ta da ƙarfi ba, ka yanka da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, a hankali. Ƙurar kabon ba ta da kyau ga huhu da ido, don haka a yi a waje ko a rufe hanci, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Goge bakin da samfefa, ka mayar da murfin. Dokokin wasan yara da na masu son kai a Kanada da Amurka sun hana shiga fili da ramin ƙota a buɗe. A fara yanke ƙasa da abin da ake tsammani. Ana iya ƙara ragewa gobe. Yawancin shaguna ma sukan yanka wa mai saye nan take.

Tef ɗin hoki na yadi ne, faɗinsa kusan inci ɗaya. A kan ƙota, a naɗa shi wuri ɗaya har ya yi ɗan ƙulli da zai hana sanda suɓucewa, ya kuma sa a iya ɗaukarta daga ƙasa da safar hannu, sannan a gangaro inci huɗu zuwa shida. Farin tef ya fi a nan, domin baƙi na ɓata tafin safar hannu yana cinye shi. A tafi kuwa, fara daga dunduniya zuwa tsini, kowane zagaye ya hau rabin na baya ko ƙasa da haka, a ja shi ya ɗame ba tare da tattara ba. A murje shi da fak ya kwanta, a shafa kakin sanda sama-sama don kada dusar ƙanƙara ta taru ta jiƙa shi. Da zarar ƙasan ya yage, a ɓare duka a sake sabo, kada a ɗora wani kan wani, domin nauyi yake ƙarawa yana kuma riƙe ruwa.

Kada a gasa tafin kabon a wuta don a ƙara masa lanƙwasa. Da katako ake wannan, kabon kuwa gam ɗin da ya haɗa shi ne ke lalacewa. Kada a yi wasa da ita a kan kwalta ko siminti, kwana kaɗan ƙasan tafin zai cinye; a sayi mai tafin roba mai araha don wasan ƙofar gida. Kada a jingine ta jikin hita ko a bar ta a but ɗin mota lokacin zafi.

Wanda ya shiga gasa yana buƙatar sanda ta biyu, iri ɗaya da ta farko a tsawo da tauri da lanƙwasa, a riƙa musanya su don su tsufa tare. Idan sanda ta karye ana cikin wasa, doka ta ce a yar da ita nan take. Wanda ya ci gaba da wasa da karyayya minti biyu zai yi a benci na hukunci. Wadda ba ta karye ba ma tana mutuwa: idan harbi ya rage kaifi, tafi ya fara buɗewa in an danna shi, ko ana jin wani abu na kaɗawa a ciki, lokacin sauyi ya yi. Kafin a yar da ita, a rubuta lambobin da ke jikinta, a auna tsawonta daga dunduniya zuwa kai, a tafi shago da su.